Alamar Shafi

A Punta Arenas iska ba ta sallama,
ƙofa take bankawa ta shigo da kayanta.
Shagona na faci na bakin hanyar tasha,
tayoyi har rufi, murhun ƙarfe a lungu,
da wata kujera mai ƙafa uku da rabi.
Nan Millaray ke zama in an tashi makaranta.

Shekararta sha huɗu.
Kowace Laraba littafi uku take arowa,
ta cusa su cikin rigar sanyi kamar 'yan tsaki,
ta shigo hanci ja, ba ko sannu da aiki.

Na farko, wai wata yarinya ta tsinci ƙwai a toka,
ya ƙyanƙyashe maciji mai fiffike, mai atishawar wuta.
Na ce, ƙarya tsagwaronta.
Ta ce, Baba, kai dai ji da tayarka.

Na biyu, yaro ne haifaffen cikin kumbo,
bai taɓa ganin ruwan sama ba,
babban abokinsa mutum-mutumi ne mai mantuwa.
Tana karantawa a fili, ina goga roba.
Na ce, tsaya. In kumbon ya huje, da me suke liƙewa?
Ta juya shafi, ta dawo, ta sake juyawa.
Ba su faɗa ba.
Na ce, to marubucin nan bai taɓa riƙe sifana ba.
Ta yi dariya har kujerar ta kusa kayar da ita.
Amma da yaron ya sauka wata duniya
ya buɗe baki ɗigon farko ya faɗa masa a harshe,
sai na ga na bar gam ya bushe a hannuna.

Na ukun ne ya kama ni.
Labarin masu askin tumaki, shekara ɗari baya,
da wani ɗan tsibiri da ya zo a ƙasan jirgin ruwa,
almakashinsa naɗe a fata, takalmi na aro.
Kakana ma haka ya zo daga Chiloé.
Bai taɓa ba mu labari ba.
Hannunsa kawai na sani,
yatsu a lanƙwashe ko barci yake.

Ran nan ta manta littafin a kan kwampireso.
Na ja ƙofa, na ƙara itace.
Karatuna na tafiyar kura ne, ɗingishi da waige,
sai na aza yatsa a ƙasan kowane layi.
Ƙarfe ɗaya na dare yaron na bakin kogi,
dusar ƙanƙara har gwiwa, dawakai a bayansa,
ni kuma idona ya ƙi.

Washegari ta buɗe shafi na casa'in da biyu,
ga tambarin babban yatsana, baƙi ƙirin, da zanensa duka.
Ta dube shi. Ta dube ni.
Na shiga neman wani noti da bai ɓata ba.

Doña Hortensia ta ɗakin karatu
ta ce tarar ɓata littafi kuɗin burodi biyu ce,
sannan ta ce a bar shi,
ta ga tabon shayi, ta ga na hawaye, ba ta taɓa ganin na giris ba.

Yanzu akwai zirin roba biyu a littafin,
Millaray ta yanko su daga tsohon tif ɗin keke.
Doguwar tata ce, tana can gaba.
Gajerar tawa, shafi arba'in a baya, tana tafe.
Bakinta na ƙaiƙayi, ina gani.
Na ce, kul kika faɗa min ko ya haye.
Ta toshe baki da hannu biyu, ido na rawa.

A waje wani direba na ta matsa ham,
tayarsa ta baya ta kwanta.
Ya ɗan jira. Saura layi huɗu.