Aron Murya

Shekara goma sha ɗaya a birnin Cebu
ina kwana ido biyu,
don ranar masu kiranmu tana fitowa ne
lokacin da tamu ta faɗa teku.
Bene na tara, kujera ta saba'in da biyu,
abin sauraro a kunne, ruwan citta a kofi.
Ni Perlita, sana'ata ba da haƙuri:
ga wanda kayansa suka ɓata a hanya,
ga tsohuwar da ta manta lambar sirrinta,
ga mutumin da babu abin da ya lalace masa
sai dai shirun gidansa ya yi yawa.

Bara aka ce za a riƙa naɗar hirarmu
don a kyautata aiki.
Muka sa hannu.
Wa ke karanta takarda da ƙarfe uku na dare?

Ashe ɗaliba aka kawo mana, marar fuska.
Ba ta neman izinin zagayawa,
ɗanta ba ya kwana da zazzaɓi,
ba ta san ƙarshen wata ba.
Ta kwashe numfashin da nake ja
kafin in ce, "Na fahimta."
Ta kwashe 'yar dariyar da nake saki
idan mai faɗa ya fara hucewa.
Abin da na koya da zagin baƙi, shekara da shekaru,
a wata takwas ta haddace shi tas.

Ranar wata Talata aka tara mu.
Manaja Rodel, idonsa a kan takalminsa,
ya karanta abin da aka aiko daga sama.
Mu ɗari huɗu ne. An bar talatin
su zauna suna share wa na'ura kuskure.
Shi ma tasa takardar ta iso bayan sati biyu.

Ba mu kaɗai ruwan ya ci ba.
Manang Ising mai faten shinkafa a bakin ƙofa
ta rage tukunya daga uku zuwa ɗaya,
daga ɗaya zuwa kife.
Elpidio mai babur, da ke kai ni gida da asuba,
yana zaune kan abin hawansa yana ƙirga motocin wasu.
Benen kuwa har yanzu fitilunsa na ci,
sanyin na'ura na busa kujeru.

An ce ribar kamfanin ta ninka.
Na ga hoton sabon ginin masu shi a wayata,
gilashi tun daga ƙasa har inda wuya ke ƙagewa.
Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.
Ban ƙi ci gaba ba, wallahi.
Tambayata ɗaya ce:
in murya tawa ce, ina kasona?

Yanzu ina soya ayaba a bakin titin Colon,
ina tsira ta a tsinke, ina barbaɗa sukari.
Jikina bai yarda an sallame ni ba:
ƙarfe tara na dare barci ke guduwa,
in zauna ina sauraron karnuka da ruwan sama a kwano.

Shekaranjiya banki ya kira
kan bashin makarantar 'yata Marilou.
Muryar mace, mai laushi, ba gaggawa.
Na ce ba ni da shi, a ƙara mini wata guda.
Sai na ji an ja numfashi,
daidai inda nake jan nawa.
"Na fahimta," in ji ta.

Man ya fara ƙauri a kasko.
Na san abin da zai biyo baya, kalma bayan kalma,
har da gurbin dariyar.
Na buɗe baki in zage ta,
sai na ji kaina, da tsohon ladabin aiki,
ina ba ta haƙuri.