Harafi Ɗaya

Ranar Alhamis, in na rufe shagona a Asawase,
sai in ture keken ɗinki gefe,
in kakkaɓe ƙyallayen atamfa daga kan benci.
Mu bakwai ne. Wani sa'in biyar,
in ruwan Kumasi ya ga dama ya cinye hanya.

Littafin guda ne, ya sha hannu har ya yi laushi.
Zinatu ta naɗe bangonsa da takardar siminti
saboda idon maƙwabcin kujera a mota.
Tana karantawa tana juya mana Turancin,
mu kuma muna gardama kan abin da ta juya.
Labarin mutanen wata ƙasa ne mai sanyi,
waɗanda ba a rubuta sunansu ko'ina ba
sai a takardun kotu da na asibiti.

Muniru ne autanmu, shekara goma sha tara.
Bakin ƙofa yake zama, takalmi a ƙafa,
kamar wanda ya zo ɗiban wuta.

Ran nan Zinatu ta kife littafin a cinya.
Ta ce, to mu fa? Namu na ina?

Inna Kulu ba ta karatu,
shayi ke kawo ta, da kunne.
Mako ya zagayo sai ga ta da gwangwanin alewa mai tsatsa,
ciki hoto ɗaya, gefensa ya ci gara:
Baba Ɗanliti a gaban tukunyarsa, can Alabar,
zane ɗaure a ƙirji, kwalli rangaɗau,
ludayi a sama kamar zai doki mai hoton.
Ta ce, ɗan daudu ne, kowa ya sani.
Rabin Zango ya ci tuwonsa bashi,
masu dakon goro, direbobin arewa, har ladan.
Ran da ya cika, waɗanda suka lashe kwanonsa
suka tsaya jayayyar wa zai wanke shi.
Ni na ɗebo ruwan, in ji ta. Bokiti huɗu.
Sai ta kurɓi shayinta.

Hoton ya bi hannu hannu, ya maƙale a bakin ƙofa.
Har shayina ya huce.

Muryar da ta fito ƙarama ce:
A bakin Ashanti kalma ɗaya ta ɗauki mace da namiji,
sai su wuce abinsu.
Namu tun daga gaisuwa yake yanka mutum,
ka zo, kin zo.
Ina so a ce mini ke.
Ba a Kejetia ba, ba a gida ba. Nan kawai.
Munira. Harafi ɗaya ne.

Ni na auna kafaɗun nan tun suna taƙi guda.
Ni na ɗinka kayan Salla goma sha biyu a kansu,
ina tsokana, ina cewa angon gobe.
Harshena ya yi nauyi kamar dutsen guga.
Na tuna abin da rediyo ke faɗa da safe,
na tuna bakin layinmu, da ba ya barci.
Na tuna bokiti huɗu.
Ban ce komai ba, kuma ba na alfahari da hakan.
Zinatu ce ta ɗauko biro,
ta buɗe shafin baya, farin nan da ba kowa a kai,
ta rubuta Ɗanliti, Alabar, mai tuwo.
Ta bar sarari a ƙasa.

Duk makon ina gwadawa a kan keke,
allura na sauka ina cewa ke, ke, ke,
ina kuskure, ina farke ɗinkin.

Alhamis ruwa ya sauko tun la'asar.
Na ce ba mai zuwa.
Sai ƙwanƙwasa, a hankali, sau biyu.
Na buɗe. Ruwa na zuba daga gefen leda a kanta.

Na ce, kin zo?

Ba ta amsa ba.
Ta sunkuya, ta cire takalmi,
ta ajiye su ciki, kusa da nawa.