Lakar Tafkin Peipsi

Tiiu ta huda ƙanƙara da sassafe,
ta zaro laka a bututu, kamu biyu.
"Kaka Endel, ga shekarunka a jere."

Can ƙasa fara-fara ce: yana yaro,
yana ƙirga tsakuwa daga cikin kwalekwale.
Sama kaɗan rawaya ta kutso,
shekarar da aka kafa garken aladu bakin rafi,
taki ya bi narkakkiyar ƙanƙara ya gangaro.
Daga nan kore, kore, kore,
gansakuka ta ci ta ƙoshi,
ta mutu ta bar launinta.

Tsoho ya ɗora yatsa kan wani layi.
"Nan taruna ya fara wari."
Tiiu ta hura hannu, ta rubuta lamba.
Ruwa dai ba ya tsami banza.