Tamanin da Bakwai a Kan Teburina

Shekara talatin da ɗaya ina rajistara,
fankar ofis ɗin nan ta tsufa tare da ni,
tana juyi, tana tari.
Yau Litinin an jibge min takardun masu neman
aikin magatakardan Mai Shari'a.
Tamanin da bakwai, na ƙirga sau biyu,
kokona ya huce, ban ko kurɓa ba.

Ta farko ta Lurwanu ce daga Gyaɗi-Gyaɗi.
Layi goma sha biyu yana yabon alƙali:
adalcinsa, haƙurinsa, saura kaɗan ya yabi gemunsa.
To, Mai Shari'ar nan mace ce.
Wanda yake nufi ya yi ritaya tun bara waccan,
yana Bichi yana kiwon raguna.
Ɗumamen wasiƙa ya kawo mana,
kwanan wata kawai ya sake,
bai tsaya ya tambaya ba.

Mansura ta ce ita mai kula ce da ƙananan abubuwa.
Na yarda, sai na duba sunanta:
a takardar makaranta da wasali ɗaya,
a ta haihuwa da wani,
lambar wayarta kuwa ta rasa ƙafa guda.
Ko mun so kiranta,
ba za mu same ta ba.

Wani ya je shagon buga takardu a Fagge
ya sayo Turanci mai nauyin buhun gero.
Na ɗaga, na juya, na girgiza,
ban ji ƙwaya ta motsa a ciki ba.
Kuma irin wannan wasiƙar sak,
har da waƙafin da ya ɓata hanya,
na gan ta a fayil huɗu.
Mai shagon ya ci kasuwa,
su ba su ci ba.

Tasi'u ya iso ana kiran la'asar,
kwana biyu da rufe karɓa.
Ya ce cunkoson Ƙofar Nasarawa ne.
Ɗana, wane irin adaidaita sahu
ke kwana biyu a gada?
Kotu da lokaci take numfashi,
ɗaurarre na jira a gidan yari,
ba zai ci uzurinka ba.

Sai ga ambulan mai ƙamshin turare,
an liƙa masa ɗan kati:
"Kawu, ka san yadda za ka yi."
Ɗan ƙanwata ne.
Ni na yanka ragon sunansa.
Bai sa samfurin rubutu ba,
bai sa mai tsaya masa ba,
ni ya sa.
Na daɗe ina kallon fanka.
Na mayar da shi cikin 'yan'uwansa, na sittin da uku,
na san bana gidan Ladidi
ba za a aiko min da tuwon sallah ba.

Can ƙasa, ta Barira daga Kurna,
shafi ɗaya tal, gefensa ya sha ruwan sama.
Ta ce ta zauna bayan kotu wata biyar
tana sauraron rikicin gado da na filaye,
ta ga inda fayil ke ɓacewa,
ta faɗi abin da ta iya,
ta faɗi abin da take son koya.
Ban san ko ita za a ɗauka ba,
wannan na Mai Shari'a ne.
Na dai ɗora ta a sama,
na danne da dutsen da nake danne takarda,
don fankar nan ba ta da amana.

A aljihun tebur akwai tawa wasiƙar,
ta yi ja kamar an jiƙa ta da goro.
Ni ma na rubuta sunan kotun ba daidai ba.
Marigayi ya kewaye shi da jan biro,
ya ce in koma gida in sake.
Da ƙafa na je Ɗorayi na dawo.
Har yau ban yar da ita ba.