Sandar Sighet

A kasuwar Sighet na saye ki,
ran Alhamis, ƙarshen Maris,
hannun wani mai haƙorin ƙarfe
da bai ko ɗaga kai ba da ya miƙo ki.
Ba tukunya, ba ƙasa ko cikin cokali,
saiwoyi tsirara cikin jiƙaƙƙiyar jarida,
kamar yatsun da suka daɗe a ruwan wanki.
Ya ce tuffa ce, mai aure ce, ja ce.
Na ce to.

Shekara talatin da ɗaya ina jan bas
daga Sighet zuwa Baia Mare in dawo.
Na san tarin inji in mai ya yi ƙasa,
na san birki in ya fara ƙarya.
Amma abin da ba ya kuka,
ta ina ake jin ciwonsa?

Na jiƙa ki kwana guda a bokiti,
na haƙa rami bayan tarin ciyawa,
na baza saiwoyinki ɗaya bayan ɗaya,
na mayar da ƙasa, na danna da dunduniya.
Daga nan sai ruwa, safe da yamma,
har gindinki ya koma taɓo.
Domnica ta leƙo ta saman shinge,
ta ce, "Gavril, kifi ka dasa?"
Na kife bokitin.

Sati huɗu.
Itatuwan maƙwabta sun yi fari fat da fure,
ƙudan zuma sun cika gari da guna-guni,
ke kina nan, sanda.
Zomo ya zo da dare ya ɗanɗana ɓawonki,
na naɗe raunin da tsohuwar safa.
Sanyi ya gangaro daga dutsen Gutai,
raɓa ta daskare a kan ciyawa,
na fito da fitila ƙarfe biyun dare
na lulluɓa miki kwat ɗina ta aiki,
mai warin dizal har yanzu.

Domnica ta ce in tsige ki,
ko wake ya samu abin hawa.
Ban tanka ba.
Da ta shige, na durƙusa,
na sa farce na kankare ɓawon kaɗan.
Kore. Ɗanye shar. Har da danshi.
Na daɗe a durƙushe,
gwiwa na zagina.

Sai ga ganye, ran Lahadi,
biyu, ƙanana, can ƙasa kusa da turɓaya.
Na kira ta tun ba ta ɗaura ɗankwali ba.
Ta duba, ta girgiza kai.
"Wannan ƙasan gaɓar aure ya fito.
Na uwar daji ne, ba na amarya ba.
Ka bar shi, ya shanye komai,
sama ta bushe,
ka tashi da 'ya'yan da ko alade sai ya yi tunani."

Kwana biyu ina zagaya ki.
Shi kaɗai ne koren da kika ba ni.
Ran na uku na sa yatsa biyu
na tsinke.
Na jefa a aljihun da makullin bas ya saba kwana.

Kwana tara ba labari.
Na daina kirga, na ci gaba da kirgawa.
Na tura yatsa cikin ƙasa kafin in zuba ruwa,
in da sanyi, in koma da abina.

Yau da asuba, can sama,
tazarar taƙi guda daga gaɓar,
wani ɗan kumburi ya tsage,
bai kai ƙwayar shinkafa ba,
da gashi-gashi kamar kunnen ɓera.

Ban kira kowa ba.
Amma na ga sawun takalmin roba
a jiƙaƙƙiyar ƙasar gindinki,
ƙarami, ba nawa ba,
kuma an gyara ɗaurin safar.