Kogin da ke Cikin Kunnen Baba Ilu

Shekara talatin Baba Ilu yana tsaye a wutsiyar kwalekwale,
Binuwai ta cika ta batse,
yana haye da buhunan albasa, babura, matan kasuwa,
daga Garwa zuwa ƙetare,
ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta zame ba.

Sai wata Laraba da asuba,
a kan tabarma, a sandararriyar ƙasa,
ya juya zai tashi alwala,
ɗaki ya kife.
Rufin kwano ya dawo ƙasa, buta ta yi sama,
ya rungume ƙafar gado yana salati.

Maƙwabta suka ce mutanen ruwa ne suka biyo bashi.
Inna ta ce hawan jini.
Ni dai na ɗaure shi da rawani a bayana,
babur ya kai mu asibiti.

Likita Asta ta juya katinsa ta yi zane.
Ta ce: can ciki, gaba da inda sauti ke sauka,
akwai hanyoyin ruwa uku, lanƙwasassu kamar zobba.
Ka juya kai, ruwan ya yi nawa,
ya kwantar da wani gashi mai laushi
kamar ciyawar gaɓa in igiya ta wuce,
shi ke kai labari sama.
Kusa da su akwai 'yan tsakuwa, garin alli ya fi su kauri,
su ke nuna maka inda ƙasa take.
Naka sun ɓalle, sun bi hanyar da ba tasu ba.

Baba ya daɗe yana duban zanen.
Ya ce, "Yashi ya shiga mashigi ke nan."

Ta kwantar da shi, kai a rataye,
ta karkata shi dama, ta jira,
hagu, ta jira,
kamar mai tankaɗe a faifai.
Idanunsa suka yi rawa, suka yi rawa,
suka tsaya.

Yanzu ni ke tuƙi.
Shi yana zaune tsakiya yana karɓar kuɗin fito.
In an kira shi daga baya
ba ya waiwaya da sauri.
A hankali yake juyo da kai,
kamar mai ɗauke da ƙwarya cike fal
da ruwan da aka ba shi amana.