Baƙuwar Benci Na Uku

Ran Litinin aka kawo ta ajinmu,
da jakar da ba a sayar da irinta a kasuwar Katsina.
Malama Indo ta ce, "Ga Mwanaisha daga Mombasa,
zango biyu za ta yi da mu."
Kafin a tashi tara sunan ya gagari bakinmu,
muka ajiye shi gefe, ta koma 'Yar Teku.

Benci na uku, gefen taga mai karyayyen marfi,
nan muka matsa mata, ni da Tasalla.

A gidanmu take kwana, a Ƙofar Marusa.
Da safe mu shida a adaidaita sahun Ɗan'azumi,
ita a tsakiya, gwiwa a haɓa,
tana karanta allunan shaguna da ƙarfi
kamar mai biya hadda.

Satin farko kai ya sara mata ana lissafi.
Ta dafe goshi tana cewa, "Dawa, dawa."
Tasalla ta ce yunwa ce.
Muna isa gida Inna ta auno mata rabin tiya,
ta tsaya tana kallon ƙwarya.
Ashe a harshensu dawa magani ce.
Ta kira yayana Lawandi "kaka",
tsohuwa ta amsa daga ƙuryar ɗaki,
har yau ba ta yarda ba ita aka kira ba.

A bayan littafinta ta ja layi ta raba shafi.
Dama, kalmomin da suka san juna:
sukari, Alhamis, sabuni da sabulu,
kalamu da alƙalami.
Hagu, masu kama da juna ba dangi ba.
Hagun ya fi cika.

Lokacin tara, awarar Baba Gaje ta naira ɗari,
yaji ya sa ta hawaye, muka yi dariya.
Wata rana ma ta yi hawayen,
na duba takardar, ba a sa yaji ba.
Ban ce komai ba. Na miƙa mata ruwa.

Malam Rabe ya zana teku a allo da shuɗin alli,
ya juyo ya ce, "Haka yake?"
Ta girgiza kai. Ta ce ba ya tsayawa.
Washegari ta zo da ƙwanson dodon koɗi fari,
ya bi aji hannu zuwa hannu,
mu hamsin da bakwai, kowa ta kara a kunne.
Tasalla ta ce ƙarar injin niƙa ce daga nesa.
Malam ya fi kowa daɗewa da shi.

Wata biyu ana lallaɓa ta kamar ƙwai.
Ba shara, ba wankin allo,
in mun makara a tsayar da mu, a ce ita ta wuce.
Sai ran wata Laraba taya ta yi faci a Ƙofar Sauri,
muka iso an rufe ƙofa.
Shugabar ɗalibai ba ta ko ɗaga kai ba,
ta ce, "Ku duka, tsintar leda."
Ƙarƙashin bedi, rana na dukan ƙeya,
na ga 'Yar Teku na murmushi ita kaɗai.
Na ce lafiya?
Ta ce, "Yau ba a ce in wuce ba."

An ce baƙo raɓa ne.
Saura sati uku, na ƙirga a kalandar Inna,
na kuma ƙirgawa ko na yi kuskure.
Jiya da daddare tana waya da mahaifiyarta,
harshensu na gudu kamar ruwa a indararo,
sai wuta ta ɗauke,
na ji ta a duhu ta ce, "Kai! Mi ya hwaru kuma?"

Ƙwanson yana kan tagata.
Ta ce aro ne.